Wanka a Kan Ƙwauri

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Yau aka yi mini ta farko. Allura biyu ce, ɗaya a cinyar dama, ɗaya a ta hagu, kuma ba su yi zafin da na shirya musu ba. Dokta Serwa, likitar fata, ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk abin da na gani a jikina. Na ce mata ni tela ce, shekara talatin ina rubuta awon mutane, nawa ba zai gagare ni ba.

Ga awon yau da tef ɗina. Gwiwar hannun dama, inci huɗu. Ta hagu, uku da rabi. Bayan kunne da ƙeya ba su aunuwa. Ƙwaurin dama, daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu, inci goma sha ɗaya. Na hagu, tara. Duk sun yi ɓawo fari mai kauri, ƙarƙashinsa fata ta yi duhu kamar an dafa ta.

Sunan ciwon soriyasis. Shekara goma sha tara muna tare, kuma a unguwarmu Moshi Zango ta Kumasi babu sunan da ba a ba shi ba. An ce kirci ne, an ce makero ne, an ce na taka wani abu a mararraba. Na sha saiwa, na shafa man kaɗe har katifata ta koma kamar ta mai suyar ƙosai. Babban ɗana Kamil da ke Italiya ne ya tsaya aka samo wannan allurar, Allah ya yi masa albarka.

'Yata Rashidatu za ta haihu wajen ashirin ga Oktoba. Haihuwar fari ce. A wurinmu mai haihuwar fari gidan uwarta take zuwa ta yi arba'in, uwar ce ke wanke jariri safe da yamma. Za ki zauna a 'yar kujera, ki ɗage zane har gwiwa, ki miƙe ƙafafu a kan baho, a kwantar miki da yaro a kan ƙwaurinki tsirara. Haka uwata ta wanke mini nawa uku.

An ce ba za ta zo ba. An ce a gidan surukarta a unguwar Oforikrom za ta yi wankan, saboda ƙafafuna. Saura mako bakwai.

Talata, 3 ga Satumba, bayan asuba

Na duba. Babu abin da ya canza. Me nake tsammani a kwana ɗaya?

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Bari in rubuta abin da likita ta faɗa kafin ya gudu mini, don jiya na yini ina juya shi a kan keke har na ɗinka wa wata hannun riga a baibai.

Ta ce fata ba abu ɗaya ba ce shimfiɗaɗɗe. Ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Can ƙasa ake haifarsu, su riƙa hawowa a hankali, suna faɗi suna ƙarfi, sai sun yi kamar wata guda su iso sama, su mutu, su kakkaɓe ba wanda ya sani. Wato kowa a Kumasi yana zubar da fata, har Hajiya Mero, surukar Rashida. Nasu ne kawai ba a gani.

Nawa kuma a kwana uku ko huɗu suke isowa. Ba su nuna ba, ba su gama zama fata ba, sai su manne da juna su taru. Shi ne ɓawon.

Na ce to wa ke korarsu? Ta ce masu gadin jiki, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta. Nawa sun ruɗe, sun ɗauka akwai rauni inda babu, suna ta aika wa fata saƙo cewa ta yi sauri. Fatar kuma in ta ji saƙon sai ta ƙara kiran masu gadi. Haka suke ta zuga juna tun Rashida tana aji biyu. Allurar ba ta taɓa ƙwayar fata ko kaɗan, saƙon take tarewa a hanya.

Na ce, "Dokta, ai ɗinkin jajibirin Sallah ke nan. Mai kaya na tsaye a kanki, ki miƙa masa riga ba kalmasa, zare na lilo."

Ta yi dariya ta ce za ta riƙa faɗa wa ɗalibanta haka. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk shekarun nan ina jin haushin fatata, ashe ita umarni take bi.

Sauran alluran suna firjin Lariba maƙwabciyata, mai sayar da sobolo, wato zoɓo, don nata yana da janareta in an ɗauke wuta. Na ja mata kunne kada ta sa su wajen ƙanƙara. Ta ce, "Yoo, na ji. Magani kraa yana son sanyi kamar ɗan gata."

Litinin, 9 ga Satumba, bayan azahar

Ta biyu. Na tafi da tambayoyi uku a bayan takardar awo.

Me ya sa ba ƙwaya ba ce a haɗiya? Ta ce irin abin da jiki ke yi da kansa ne, dangin nama da ƙwai, in na haɗiye cikina zai narkar da shi kamar tuwo. Me ya sa sai firji? Zafi yana lalata shi, ƙanƙara ma haka. Ta yaya allurar cinya ta san hanyar bayan kunne? Ba ta sani ba. Jini ne ke yawo da ita ko'ina, inda ta ci karo da saƙon ta kama shi, inda babu ta wuce.

Ta kuma maimaita abin da ta faɗa ranar da suka ɗauki hoton ƙirjina don duba tarin fuka. Saƙon nan da muke tarewa yana da aikin kirki, da shi jiki ke korar wasu cututtuka. In na ji zazzaɓi ko wani wuri ya kumbura, in zo da wuri.

Na ce ba a ɗauka dai ko? Ta ce sau nawa za ta faɗa mini, ko a gado ɗaya aka kwana ba a ɗauka. Na sani. So nake in riƙa ji.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan asuba

Ƙaiƙayi ya tsaya. Ban san yaushe ba. Ina zaune ina lazimi na ga hannuwana duka biyu a kan carbi, babu wanda ya tafi susa.

Da na kakkaɓe zanin gado, abin da ya zubo bai kai rabin na kullum ba. Na tara shi a tafin hannu na fita haske ina kallo. Sun fi na da siranta, har ana ganin zanen tafina ta cikinsu. Ko waɗannan sun samu kwana bakwai ko takwas a hanya? Na so a ce ina da madubin likita.

Na kira Rashida in gaya mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Mma." Ta tambayi Lariba, ta tambayi ruwan sama, ta ce ƙafarta na kumbura da yamma. Na ce ta riƙa ɗora ta a kan matashi. Ba mu yi wata magana ba.

Litinin, 16 ga Satumba, da la'asar

Ta uku. Gwiwar hannun dama, inci biyu da rabi. Ta hagu, biyu. Daga tsakiya suke fara washewa, gefe ya rage kamar zobe, ni kuwa na ɗauka daga gefe za su riƙa tsukewa. Na sa ɗankwali baƙi yau, har yamma babu farin gari a kafaɗata.

Ƙwaurin dama, goma da rabi. Na hagu, tara.

Na sake aunawa ko tef ɗin ne. Goma da rabi, tara. Likita ta ce ƙafa takan zo a ƙarshe, ta fi ko'ina taurin kai, kuma su ma ba su gama sanin dalili ba. Na ce ita kaɗai nake nema, gwiwar hannu wa ya aike ta? Saura mako biyar.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Hajiya Mero ta zo shago yau. Atamfa take sayarwa a kasuwar Race Course, ta kawo turmi uku na ankon suna in yanka. Ina hango ta na ja zane na rufe har yatsu, ga safa a ciki. Hajiya mutuniyar Tamale ce, a bakinta kowa "shi" ne, mace da namiji.

Muka gaisa, ta zauna, ta sha ruwa, ta yi ta juya kofi. Can ta ce, "Mman Kamil, mun yi miki laifi ne?"

Na ce wane irin laifi, Hajiya?

Ta ce, "Rashida ya ce kin ce ba ki iya karɓan shi wanka, wai aiki ya yi miki yawa. Ni ban ƙi ba, ɗana ne. Amma haifuwan fari paa? Mutane za su ce mu muka hana."

Almakashi na hannuna. Na ajiye shi. Na ce e, ni na faɗa, ba ni da lafiya sosai ne, ina karɓar magani. Ta ce Allah ya sawwaƙe, in na warke kafin lokacin ita da kanta za ta rako ta da kayanta. Ko kallon ƙafata ba ta yi ba. Matar nan ba ta ma san akwai wata magana a kan ƙafa ba.

Tun shafin farko nake rubuta "an ce", ina barin littafin nan ya zargi mutanen Oforikrom. Ba su ba ne. Rashida ce ta faɗa, a waya, cikin watan jiya. Ta ce, "Mma, ki yi haƙuri, ba zan iya ganin jaririna a kan ƙafafun nan ba." Na ce to. Ita ma ta ce to.

Ga shi na rubuta. Ya yi mini ciwo ranar, yau ma yana yi.

Juma'a, 20 ga Satumba, da hantsi

Ban buɗe shago ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan azahar

Ina ta neman in yi fushi da ita, fushin ya ƙi zama. Tun tana shekara takwas ita ke share ɗakina da safe, ta san abin da tsintsiya ke tarawa. Ita ke shafa mini magani a inda hannuna ba ya kai. A makaranta yara suna ce mata 'yar mai ɓawo, ba su cin abinci a kwanonta. Sau ɗaya ta gaya mini, na ce ta rabu da su. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake faɗa ba.

Ta yi karatu, ta san ba a ɗauka. To mene ne? Ƙyama ce, ko tsoro? Wannan babu likitan da zan kai wa.

Litinin, 23 ga Satumba, da la'asar

Ta huɗu. Gwiwoyin hannu sun yi sumul, na shafa na sake shafawa a cikin motar haya ta trotro har matar da ke kusa da ni ta matsa. Ƙwauri ya fara motsi, takwas da shida, ɓawon ya yi laushi.

Sai dai duk inda ya washe ya bar tabo baƙi ƙirin, ya fi sauran jikina duhu nesa. Daga nesa ma ya fi ɓawon fitowa. Likita ta ce launi ne da fata ta zubar lokacin da take cikin rikici, wani ya nutse ƙasa, sai jiki ya kwashe shi da kansa. Wata shida, ko shekara. Ta ce ba datti ba ne, kada in dame shi.

Ta ƙara wani abin mamaki. Wai ko wuri ya warke, akwai masu gadi kaɗan da ke zama a nan, suna tune da wurin. In aka daina allura suna iya tashi, kuma a tsohon gurbin ciwon zai dawo. Na ce ashe har fata tana riƙo.

Na yi tambayar da na daɗe ina kewayewa. Ana gado? Ta ce ana iya gadon saurin kamuwa, ba ciwon kansa ba. In uwa ko uba ɗaya ne ke da shi, yawancin 'ya'ya ba sa yi, jikoki kuma sun fi nisa. Amma ba za ta ce mini babu ba.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan magariba

Wata shida ba nawa ba ne. Mako uku da 'yan kwanaki gare ni.

Na sayi sabon sapo, soson ragar nan mai kaushi wanda bai taɓa ruwa ba, da baƙin sabulun alata. Uwata takan ce babu abin da sapo ba ya fitarwa in an ba shi ƙarfi, kuma duk Zango haka muka tashi, wanda bai ji zafin soso ba bai yi wanka ba. Na jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, na dirji ƙwaurin dama sosai. Sauran ɓawon ya fita tas. Ƙarƙashinsa jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo kamar an tsira da bakin allura. Na bar na hagu don in gwada in ga bambanci.

Na san ta ce kada in dame shi.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan asuba

Na ƙara dirzawa. Baƙin yana nan.

Asabar, 28 ga Satumba, da hantsi

Na dama ya kumbura, yana zafi kamar murfin tukunya, wuri ɗaya yana ruwa. Na hagu da ban taɓa ba ya sauka zuwa biyar. Lariba ta kawo mini koko ta ga ina ɗingishi, ta ɗaga zanen ba ta tambaye ni ba. Ta ce, "Basira, wannan ba ciwon ba ne, wannan aikin hannunki ne." Ita ta tare mini mota zuwa asibiti.

Litinin, 30 ga Satumba, bayan azahar

Ba a yi ta biyar ba. Tun Asabar suka wanke wurin, suka naɗe, suka ba ni ƙwayoyin kashe cuta na kwana goma. Yau Dokta Serwa ta ce ba za ta ƙara tare saƙon ba alhali jiki yana yaƙin gaske, sai ƙafa ta lafa.

Ba ta yi faɗa ba, na so ma ta yi. Ta zana mini a takarda yadda jijiyoyin jini suke tasowa dab da sama a inda ciwon yake, shi ya sa ɗigon jinin. Ta ce wannan ciwon yana son rauni. Duk inda aka karce ko aka dirje, masu gadi suna ruguwa can, sabon ɓawo yana iya tsirowa a kan layin. Ta tambaye ni tun yaushe nake dirza da sapo. Na ce tun ranar da ya fara fitowa, safe da yamma, kuma inda ya fi yawa nan na fi ba ƙarfi.

Ta ajiye biro ta dube ni. Ni ma na dube ta.

Shekara goma sha tara. Ina ganin wanke shi nake yi. A hanyar gida na yi ta tunanin da ban dirza ba, ko da ƙwaurina bai kai haka ba, sai na ga tunanin ba zai kai ni ko'ina ba, na sauka a Race Course na sayi zare.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da la'asar

Kumburi ya ragu. Ƙaiƙayi kaɗan a gwiwar hannu, ko tsoro ne ke sa ni ji. Na gama ankon Hajiya. Na ɗinka 'yan riguna shida na jariri, ban san wa zai kai su ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Rashida ta sauka da hantsi, kwana goma sha biyu kafin lokaci. Namiji. Shakiru mijinta ne ya kira ni.

Na je asibiti da bandejina. Yaron dogo ne, yatsunsa irin na masu riƙe almakashi. Na duba bayan kunnensa da gwiwoyinsa kafin in duba fuskarsa, Allah ya yafe mini. Fatarsa tana ɗan saɓa a wuyan hannu, na nuna wa nas, ta ce duk jarirai haka suke.

Hajiya ta ce, "To Mman Kamil, ina za mu kai su?" Rashida tana kallon bango. Na nuna bandejin na ce ƙafata tana da rauni mai ruwa, bai kamata jariri ya hau ta ba, a kai su Oforikrom. Wannan karon gaskiya na faɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Hajiya ta yi masa wankan farko. Na zauna a gefe ina miƙa ruwa. Ta iya, ba zan ce ba ta iya ba. Ƙafafunta santsi kamar na budurwa. Da ta ɗauko soso na ce a hankali, Hajiya, tsumma ma ya isa. Ta ce yau kuma ni ce mai tsoron soso?

Na yi murna, na kuma ji kishi har cikin haƙorana.

Litinin, 14 ga Oktoba, da la'asar

An cire bandeji, an yi ta biyar. Daga yanzu sai wata-wata. Raunin ya rufe. Na hagu babu ɓawo ko kaɗan. Na dama akwai inci biyu a gefen inda na dirza, siriri, a miƙe kamar an ja da alli. Sauran duk baƙin tabo ne, sumul.

Na ce jariri zai iya hawa? Ta ce tun ranar da na fara zuwa wurinta zai iya, raunin ne kawai ya hana, shi kuma ya warke.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan magariba

An raɗa suna, Abdul Wahabu. Ankon ya zauna wa kowa. Na sa safa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Kullum da sassafe nake shiga trotro zuwa Oforikrom in miƙa ruwa. Yau na tarar Hajiya tana tsakar gida tana jiran ruwa ya tafasa, Rashida ita kaɗai a ɗaki tana ba shi nono. Na zauna a bakin gado. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mma, zai yi?"

Na gane abin da take nufi. Na so in ce a'a. Na ce likita ta ce da wuya, amma ba ta ce babu ba.

Ta ce tun cikin yana wata uku take duba jikinta a madubi kowace safiya. Ta ce in ta rufe ido tana ganinsa a makaranta shi kaɗai da kwanonsa. Tana magana tana kuka, yaron yana ta tsotso abinsa.

Na ce, "Rashida, in akwai abin da zan ba shi, na riga na ba shi tun ranar da na haife ki. Ba ta ƙafa yake bi ba. Kuma in ya zo, ba zai same shi yadda ya same ni ba. Yanzu na san abin da yake, na san abin da ba a yi masa." Na kuma ce ta yafe mini ranar da na ce ta rabu da su.

Ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "In gani."

Na cire safa, na ɗage zane. Rabon da wani ya ga ƙafafuna a hasken rana, in ba likita da Lariba ba, na manta. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo yatsa ta shafa baƙin tabon na hagu, ta shafa layin da ke na dama, ta ce wannan fa? Na ce wautata ce, zan ba ta labari.

Hajiya ta leƙo ta ce ruwa ya yi. Rashida ta ce, "Hajiya, yau Mma za ta yi." Hajiya ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ta ce, "Yoo. Dama bayana ya gaji," ta jawo mini kujerar.

Na zauna na miƙe ƙafafu a kan baho. Kafin a miƙo shi Rashida ta ɗauko tawul ta shimfiɗa a kan ƙwaurina. Na ji abin. A kan tawul ma na gode.

Bai kai nauyin turmin atamfa ba. Na fara da kai, na tare goshinsa da tafina. Kwano na uku tawul ya sha ruwa ya yi nauyi, ya fara zamewa ta gefe yana jan yaron. Hannuna duk sabulu, na riƙe kafaɗarsa na ce wani ya gyara mini.

Rashida ta durƙusa. Na ɗaga shi kaɗan don ta ja tawul ɗin ya koma daidai. Sai ta zare shi gaba ɗaya.

Na kwantar da shi. Bayansa da ɗumi, na ji shi a duk tsawon ƙwaurina, har inda na ɗauka ya daina jin komai. Ya miƙe ƙafa ya tokari gwiwata. Rashida tana tsaye da tawul a hannu yana ɗiga a kan yatsunta, ba ta mayar ba.

Hajiya ta ce, "Mman Kamil, ruwan zai huce."

Na ɗebo na zuba.